Damin Irin da Ba a Ci Ba

A ƙauyenmu, can gefen dutse kusa da Ibohamane, bazarar da ta fi zauna mini a rai ita ce wadda rumbunmu ya zama gidan ƙadangaru. Dami ɗaya ya rage, damin iri, geron da kakanninmu suka yi ta zaɓe zangarniya bayan zangarniya. Yana rataye a ɗakin Kaka, uwar mahaifina, mu kuma muna cin anza, 'ya'yan itacen daji, da aka jiƙa har ɗacinta ya ragu. Kaka ta fi kowa ramewa, don rabin abin da aka zuba mata mu jikoki take turo wa, kuma duk gidan an sani.

A kan damin nan Baba da ƙaninsa Kawu Idi suke ta sa-in-sa. Baba yana son a yi bizne, wato a shuka cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, tunda an yi roƙon ruwa liman ya ce a kyautata zato. Kawu kuwa ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya taɓa aiki da malaman gona a Keita. Ya tona gona har gwiwar hannu bai ji sanyi ba.

"Yaya, in anka yi yayyahi ta tsiro, ƙonewa za ta yi. Mu bari mu ga ruwa da idonmu."

"Kai wa ya gwada maka Aljanna kay yarda da ita?" in ji Baba.

"Aljanna kusu ba shi tone ta, Yaya."

Haka kullum, har kunnenmu ya gaji.

Bayan isha'i Kaka kan zauna bakin murhu, ta tura guntun kara cikin rushi, mu kewaye ta. A da idan tana tatsuniya har tsamin bakin Gizo take yi, mu yi ta birgima don dariya. A shekarar nan muryarta ta kwanta. Ran nan sai ta ɗan ɗaga ta, yadda maza biyun da ke kan tabarma a tsakar gida za su ji.

"Ga ta nan, ta iso da ƙyar," ta ce.

"Ta zauna ta huta mu ji ta," muka amsa, don haka ta koya mana.

Wai wasu 'yan'uwa ne, Na-Allah da Sai-na-gani, ubansu ya mutu ya bar musu ƙwaryar iri da tsohuwar uwarsu. Suka raba irin. Na-Allah ya hau kan shimfiɗaɗɗen dutse ya watsa nasa, ya ce wanda ya fitar da ruwa daga dutse ba zai kasa fitar da gero ba. Tsuntsaye suka yi biki. Sai-na-gani ya zuba nasa a tulu ya liƙe. Hadari ya taso, ya ce hadari ba ruwa ba ne. Aka yi ruwa, ya ce a bari a ga na biyu. Ranar da ya gamsu ya buɗe tulu, ƙwari sun mai da shi gari.

"Ƙurunƙus," in ji Kaka, "kan kusu ma bana babu nama."

Na ce, "To Kaka, wa ad da gaskiya?"

"Ɗan nema, ni na ce maka da mai gaskiya ciki? Ku tahi ku kwanta, bayana shina ciwo."

Ƙanwata Hadiza ta ce, "Uwar tasu fa?"

Kaka ta ƙara tura karan cikin rushi. "Ba a tambaye ta ba, shi ya sa ba ta cikin labarin."

Mazan sun ji, amma abin da suka ɗauka shi ne a raba damin. Baba ya bizne rabinsa. Aka yi yayyafi, ya tsiro kore shar, rana ta ƙone shi. Kawu ya jira ruwa mai ƙarfi, ya shuka, gero ya kai gwiwa, sama ta ɗauke. Ko zangarniya ɗaya ba mu girba ba. Kaka ba ta ga ƙarshen damina ba, ciwo ɗan kaɗan ya same ta babu jikin da zai tare shi.

Yau na girmi Baba na wancan lokaci. Ina salla, ina kuma sauraron masu hasashen ruwa a rediyo, kuma na gaji da jin yara masu ilimi suna maimaita gardamar nan a kan wa ya fi, mai tawakkali ko mai hujja. Ban raina ko ɗaya ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, Kawu mai cewa sai ya gani bai ga wuyan hannun uwarsa ba, Baba kuma da ya san haƙƙin uwa a addini, sama kawai yake kallo. Da an sussuke damin nan an dama mata fura, ko zai kai ta girbi ko ba zai kai ba, Allah ne masani. Ni dai na san muna zaune a wurin ta faɗa, kuma ba wanda ya tashi daga tabarma.