Akwatin Ƙarfen Da Na Ture Gefe

Shekarun baya, can ƙarshen casa'in da wani abu, na zo hutu daga iniwarsite ta Yamai na tarar an ɗauke mahaifiyata daga Tama zuwa asibitin mishan. Cikinta ya kumbura, lokotoro, wato Baturen likitan asibitin, ya rasa gane kan ciwon.

Ya ce akwai wani malaminsa a jami'ar ƙasarsu da ya san irin wannan cuta. Asibitin na da ordinatar, wato kwamfuta, da ake haɗawa da rediyo, wasiƙa ta tafi ta iska ta dawo a kwana ɗaya, sai dai mai haɗa kayan ya yi tafiya. Nan kawuna ya buga ƙirji: "Ga ɗanmu nan, abin da shika karantawa ke nan Yamai!"

Jama'a, sau uku na taɓa ordinatar a duniya, tarihi nake karantawa. Amma ɗan boko ya ce bai iya ba a gaban kawunsa? Ina!

Aka kai ni ɗakin. Cikin kayan akwai wani akwatin ƙarfe mai nauyin tsiya, na ture shi gefe. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce, "Malam, wanga akwati kullum tare nika ganinsu." Na ce, "Madam, bar ni da aikina." Na soka waya a bango. Sai tas! Hayaƙi da warin roba suka cika ɗaki. Ashe kayan Amurka ne, wutarsu rabin tamu, akwatin nan shi ke rage ta.

Lokotoro bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya rubuta wasiƙar da hannu, ya ba direban da zai tafi Yamai a aika daga can.

Da na koma wurin mahaifiyata, ta kama hannuna tana murmushi. "An ce kai ka gyara musu injin?"

Na ce, "I, Inna."

Washegari ta daina magana, kwana shida ta cika. Amsa ta iso bayan mun rufe ta. Lokotoro ya miƙo mini takardar, na ƙi karɓa, tsoron abin da ke ciki nake yi.

Yau ko hanya aka tambaye ni ban sani ba, nakan ce ban sani ba. Mutane sun ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda. Abin da ke cin raina har yau, maganar ƙarshe da na yi wa uwata ƙarya ce.