Fuskar Surukata a Rumfar Zaɓe

Na daɗe ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a Bagudo, kuma duk lokacin da zaɓe ya zo irinmu ake ɗiba a raba ƙauyuka, domin an yarda malamin makaranta ya iya ƙirge, kuma ya saba tsayuwa ba a biya shi da wuri ba. A zaɓen da nake magana, rumfar da aka ba ni tana wani ƙauye can bayan Kaoje, inda in akuyarka ta tsinke igiya da safe, kafin azahar ta zama akuyar Benin. Garin su matata ne.

Hankalina ba a kwance yake ba. Watanni ke nan rediyo ba ta da labari sai na soja: yau sun karɓe mulki a nan, gobe an ce sun kusa a can. Manyan ƙasashen da suka koya mana akwatin zaɓe su ma suna ta musu a kan nasu ƙirgen. Ni kuwa kullum ina gaban allo ina rubuta wa yara ma'anar mulkin farar hula, ina jin kamar mai tallan kayan da masana'antarsu ta rufe.

Layi ya kama tun hantsi. Na'urar tantancewa tana duba yatsa. In ta ƙi yatsa, sai a ɗauki hoton fuska. Rana ta fara zafi sai ga surukata, tsohuwar Bafulatana, ta bar shanyar shinkafarta ta tako daga ruga. Tun da na auri 'yarta ba ta taɓa kallon idona ba, ni ma ban taɓa kallon nata ba. In na je gaisuwa, bayan zana nake durƙusawa. Na san muryarta, na san takalmanta. Matata ta gaya mini tun makon jiya tsohuwar ke cewa a bar ta ta dangwala ƙuri'a tun ba a hana zaɓe ba. Ashe labarin rediyon ya kai ruga.

Ta miƙo katinta ta hannun wata maƙwabciyarta. Ta ɗora yatsa, na'ura ta ƙi. Surfe da sussuka sun share zanen tuni, ga kuma lallen bikin suna a kai. Muka bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya karɓu.

"Inna," na ce, idona a ƙasa, "sai dai a ɗauki hoto."

Ta ja mayafi ta rufe fuska ruf. Sai ta yi wa maƙwabciyar magana, ba ni ba: "Ce ma Malam in ba shi yiwuwa in koma. Shinkafa na waje, awaki ba su da kunya."

Wakilin wata jam'iyya, wani mai gyaran babur, ya ce, "Haba Malam, ba ta takarda mana! Wa bai san Inna ba?"

Na ɗaya jam'iyyar ya zabura. "Ba ta ka gani! Surukar mai akwati! Yau sai Birnin Kebbi ta ji."

Dukansu suna da gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na'ura a hannuna aka damƙa ta, ban da ikon miƙa wa wani. Takardar ƙuri'a kuma ba ta fita sai na'ura ta yarda. Na san in tsohuwar ta juya, ta juya ke nan. Ba za ta sake tsayawa layin da aka kunyata ta ba. Na karanta yadda jamhuriyoyi suka faɗi a hannun janar-janar, ban taɓa karanta wadda kunya ta kayar ba.

Wani tsohon masunci a layi ya gaji da tsayuwa. "Malam, mi ad da wuya? Injin nan ka kallo, ba kai ba. Juya mana!"

Na juya mata baya. Na ɗaga na'urar bisa kafaɗata, idonta na kallon bayana, allonta na kallon wakilan nan biyu. Ranar ce kaɗai na ga sun haɗa baki.

"Hagu kaɗan, Malam! Wannan giginya ka ɗauko."

"Sama! Takalmi kake ɗauka."

"Inna, buɗe mana, wallahi ba ya gani. Ƙeyarsa ce kawai, ita kuwa ba ta da ido."

Layi ya kece da dariya. Zufa na bin bayana. Sai na ji ƙarar nan da na'ura ke yi in ta yarda.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa matata ba. Kafin in miƙa takarda dole in duba allo in tabbatar. Na duba. Tana dariya a hoton, da wushirya irin ta 'yata ta fari, wadda na daɗe ina mamakin inda ta samo ta. Na yi maza na danna hoton ya wuce.

Ta shiga bayan labule, ta jima, ta fito da tawada bisa lallenta, ta jefa takarda. Ba ta yi mini sallama ba, sai ta ce wa maƙwabciyar a gaya wa Malam ya gaida gida. Har yau ban san wanda ta zaɓa ba. Matata ta tambaye ta, ta ce ita ba ta je layi don ta ba kowa labari ba. Katin yana nan cikin ƙwaryar da take ajiye duwatsun wuyanta, kuma duk sanda na je gaisuwa bayan zana, sai ta aiko a tambaye ni ko har yanzu ba a hana ba.