Wanne Vendelín Debnár?

Muna tsakiyar danna kabeji Milada ta shigo gidanmu ba ko ƙwanƙwasa ƙofa. Babka, kakata, tana yankawa a kan teburi, ni kuma ina tsaye cikin gangar katako da wankakkun ƙafafu, ina tattakawa tana barbaɗa gishiri. Aikin da ya rage mini ke nan tun da na gama jami'a a Nitra na dawo gida ina jiran wani ya amsa mini neman aiki. Milada ce ke riƙe da ofishin ƙauyenmu, mace mai surutu, ba ta shiga gida sai da labarin wani a bakinta. Ranar kuwa tsayawa ta yi kamar an dasa ta, tana kallon ƙusar da kakana, Dedo, yake rataye hularsa.

"Teta Paulína, ina Ujo Vendo?" ta tambayi Babka, tana nufin Dedo Vendelín; a wurinmu Teta da Ujo, wato inna da kawu, ake ce wa manya.

"Yana daji mana. Shi da wancan na Rafi, tun da sassafe suka tafi saran itacen hunturu."

"Su biyun?"

"Su biyun. Wa zai yarda ya bi ɗayansu in ba ɗayan ba? Ke Milada, lafiya? Faɗi, abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa."

Milada ta ɗauke ido daga kan ƙusar. Ta ce masu agajin gaggawa ne suka kira ofis suna neman wanda zai nuna musu hanyar dajin ƙauye. Bishiya ta faɗa wa wani dattijo, kuma ya rasu nan take. Sunansa Vendelín Debnár.

Babka ta ajiye wuƙa a hankali. "Wanne?"

"Abin da na tambaye su ke nan, Teta. Sun ce wanda ya kira ya faɗi sunan mamacin, Vendelín Debnár. Da suka tambaye shi nasa sunan, sai ya sake cewa Vendelín Debnár. Suka ɗauka ruɗewa ce, suka sake tambaya, sai wayar ta katse."

Ban san yadda na fito daga gangar ba.

A ƙauyenmu, ƙofar da ka ƙwanƙwasa wuya ne ba ta Debnár ba ce. Mu ne a coci, mu ne a shagon giya, mu ne kwance a maƙabarta layi-layi. 'Yan uwanmu sun bazu har Zvolen da Detva, wasu ma tun zamanin kakannin kakanni suka bi jirgin ruwa zuwa Amurka. A ajinmu na firamare idan malama ta ce "Debnárová", rabin 'yan matan ne ke miƙewa. Sai da na je jami'a na ji an kira sunan na waiga na ga ni kaɗai ce. Shi ya sa a nan ba ma amfani da shi sai a gaban hukuma. Kowane gida da laƙabinsa. Mu na Tudu ne, gidan da ke ƙasa kusa da gada na Rafi. Baƙo ya ce yana neman Debnár, amsar da zai samu ɗaya ce: wanne?

Dedo da takwaransa a mako ɗaya aka haife su, cikin Oktoba, dab da ranar Waliyyi Vendelín, kuma kowace uwa ta ƙi sauka daga kan sunan. Tun daga nan ba su huta ba. Kiran shiga soja na ɗaya ya je gidan ɗaya. Lokacin da Dedo yake neman Babka a ƙauyen da ke bayan dutse, mahaifinta ya aiko a bincika masa halin Vendelín Debnár, aka koma aka ce masa mashayi ne mai goge a bukukuwa, ba ya barin biki sai an fasa kan wani. Saura kaɗan auren ya lalace. Har bana kowannensu yana rantsuwa cewa ɗayan ake nufi.

Sunan Debnár kansa sana'a ce: mai ƙera ganga da baho na katako. Dedo ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, ya yi ta har robobi suka cika kasuwa, sannan ya koma masana'antar manyan injuna a gari, inda wani ƙarfe ya murƙushe masa gwiwar hagu. Da ya yi ritaya ya dawo kan gangunansa, yana yi wa masu cewa kabejin roba ɗanɗanon bokiti yake yi. Shi ya rene ni lokacin da mahaifiyata ta tafi Ostiriya kula da tsofaffin wasu. A ƙarƙashin teburin aikinsa na girma, cikin ɓawon katako, ina jin labarin da ba ya gajiya da shi: wai Debnár na farko ya zo kwarin nan da kayan aikinsa a baya, yana ƙera wa makiyaya mazubin cuku, ya haifi 'ya'ya maza da yawa, mu ne jininsa. Na Rafi kuwa, in ji Dedo, kakansu barantaka ya zo yi, mai ɗauko katako, limamin coci ya gan shi a tsakar gidan ya rubuta shi Debnár. Saboda haka Dedo bai taɓa kiran takwaransa da sunan ba. Ɗan Aro yake ce masa.

"Ɗan Aro, yaushe za ka dawo mana da kayanmu?"

"Ranar da ka kawo shaida, Gurgu. Namu kakan shi ya ƙera gangar, naku aikinsa shanye abin da ke ciki."

Haka suke a bakin coci, haka suke a motar haya. Amma duk kaka, idan aka raba wa gidaje itacen dajin ƙauye, tare suke hawa, injin yanka ɗaya, jakar abinci ɗaya, suna zagin juna har su dawo.

Babka ta yafa mayafinta, ko hannu ba ta wanke ba. Muka gangara zuwa gada, domin nan ce hanyar daji take fitowa. Na manta ban sa safa ba, takalmin roba na zura. Milada tana biye da mu tana danna waya, tana cewa ba ta shiga, can cikin kwazazzabo babu sabis. Motar asibiti da ta 'yan sanda sun riga sun wuce, sun tsaya inda kwalta ta ƙare, tarakta ta ɗauki likita ta ƙarasa da shi.

Teta Rozália, matar na Rafi, tana kan gadar kafin mu iso, da garin fulawa a gaban rigarta. Wani ya riga ya gaya mata. Ita da Babka suka kalli juna, babu wadda ta yi gaisuwa.

Wani tunani ya zo mini, na riƙe shi da hannu biyu. "Milada, da wace lamba aka kira?"

Ta ce za ta tambaya. Ta koma gefe, ta dawo. "Ta Ujo Vendo na Tudu ce."

"To Dedo ne ya kira! Babka, Dedo ne!"

"Yi shiru, Dorka," in ji Babka.

Teta Rozália ba ta kalle ni ba. "Nawa ba ya ɗaukar waya, tana cikin aljihun teburi tun Kirsimeti. Ta kakanki kuma a jakar abinci suke sa ta don kada ta faɗi. Duk wanda ya rage a tsaye, ita zai ɗauka."

Na koma na jingina da ƙarfen gadar.

Mutane suka fara taruwa, kusan dukansu Debnár, kowa yana tsayawa nesa kaɗan don bai san wadda zai fara yi wa ta'aziyya ba. Mai kula da coci ya gangaro yana goge hannu a wando. A al'adarmu da zarar an yi rasuwa ake kaɗa ƙaramar ƙararrawa, mutane su fito su tambayi na wane gida ne.

"In kaɗa?" ya tambayi Milada ƙasa-ƙasa.

"Ka kaɗa ka ce wa?"

"Ai ko ma wanne ne, Vendelín Debnár ne."

Babka ta juyo. "Ka taɓa igiyar nan, Štefan, sai na rataye ka da ita."

Ya ja baya.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a wurin ba. Iska tana gangarowa daga dutse, ƙafafuna masu gishiri suna mini zafi cikin takalmin. Na ga leɓen Babka yana motsi. Ni ma addu'a nake yi, kuma na san abin da nake roƙa: Ubangiji, ya kasance mijin matar nan da ke tsaye kusa da ni. Matar da take ba ni wainar dankali duk lokacin da na wuce ƙofarta ina yarinya. Na yi ƙoƙarin in canza kalmomin, suka ƙi canzuwa.

"Paulína," in ji Teta Rozália, "rage murya. Ina jin ki."

"Ke ma ina jin taki."

"To kowa ta yi tata, Shi ya san abin da ya riga ya yi."

Babka ta matsa ta saƙala hannunta cikin na Teta Rozália. Suka tsaya haka, kafaɗa da kafaɗa, suna kallon bakin daji.

Ƙarar taraktar muka fara ji kafin mu gan ta. Ta fito daga cikin bishiyoyi a hankali, tana jan tirela. A cikin tirelar akwai wani abu mai tsawo da aka rufe da tampol, ɗan sanda a gefe, sai wani dattijo zaune ya juya mana baya, ya dafa tampol ɗin da hannu ɗaya don kada ya zame. Koriyar rigar sanyi ce a jikinsa. Su biyun irinta gare su, shago ɗaya ne a ƙauyen. Tsayinsu ɗaya, furfurarsu ɗaya. Babu hula a kansa.

"Waye?" wani ya ce daga baya. "Masu ido, waye?"

Ni da nake da ƙuruciyar ido na zura har hawaye suka cika su, ban gane komai ba. Ƙeyar da na hau ina yarinya, na kasa rantsewa ita ce ko ba ita ba.

Taraktar ta tsaya wajen motar asibiti, nesa da mu kamar tsawon filin ƙwallo. Dattijon ya miƙe. Ya kama gefen tirelar, ya sauko da ƙafar dama, sannan ya sa hannu ya ɗago ta hagu ya sauke ta a miƙe kamar sanda.

Wani sauti ya fito daga bakina, tsakanin dariya da kuka. Babka ta damƙe wuyan hannuna da ɗaya hannun har farcenta ya shige ni. Ba ta ruga wajen mijinta ba. Ta ci gaba da riƙe Teta Rozália, har suka durƙusa tare a kan katakon gadar.

Dedo ya taho yana jan ƙafa, hula biyu a hannunsa. Bai kalle mu ba. Ya tsaya gaban Teta Rozália ya miƙa mata ɗaya.

"Rozka. Ruɓaɓɓen reshe ne daga sama. Ina gaya masa ya matsa, yana gaya mini in koya wa jikata. Bai ko ji ba."

Ta karɓi hular ta riƙe a ƙirji. Sai can ta ce, "Yana cikin zaginka ya tafi?"

"Yana ciki."

"To ya tafi da daɗin rai."

Milada ce ta kasa haƙuri, tana kuka tana faɗa. "Ujo Vendo, don girman Allah! Me ya hana ka ce na Rafi? Kalma biyu! Ka san abin da matan nan suka gani a kan gadar nan?"

Dedo ya kalle ta kamar bai fahimci tambayar ba. "Sunansa suka tambaye ni."

"To?"

"To na faɗa musu. Vendelín Debnár. Sunansa ke nan."

Teta Rozália ta ɗago kai, fuskarta jiƙe. "Kai Gurgu, Allah ya shirye ka. Tun muna 'yan mata kake ce masa Ɗan Aro, a coci, a kasuwa, a bikin 'yarmu. Sai yau da ba ya ji ka ga damar ba shi sunan?"

Dedo ya sa hularsa, ya juya yana kallon tirelar.

Štefan ya hau tudu, jim kaɗan ƙaramar ƙararrawa ta fara.

Dedo ne ya sassaƙa gicciyen katakon da aka kafa a kan kabarin. Ɗan marigayin, da ya zo daga Zvolen, ya ce a ƙara laƙabin gida a ƙasa don kada masu ziyara su ruɗe. Dedo ya ce babu wuri, alhali wuri na nan. Saboda haka duk ranar da na raka Babka maƙabarta sai na wuce sunan kakana da shekarar haihuwarsa a kan sabon kabari, in dawo gida in tarar da shi yana shan miya. Ban saba ba tukuna. Waya ta yi ƙara da rana, sai in fara duba inda Dedo yake. An kira ni ganawar neman aiki a Bratislava, na je tashar mota na dawo, na ce wa Babka motar ta cika.

Kabejin ranar ya lalace, mun bar shi a buɗe ba gishiri isasshe. Dedo ya wanke gangar da kansa. Itacen hunturu kuwa, da aka sauko da shi, ya sa aka fara sauke rabi a ƙofar Teta Rozália.

Shekaran jiya wani baƙo ya tsaya da mota a bakin shingenmu, yana son a ƙera masa baho. Ya leƙo ya ce, "Sannu, Baba. Vendelín Debnár nake nema."

Dedo yana sunkuye kan aikinsa, bai ɗago ba. "Wanne?"

Baƙon ya ce shi ɗaya aka gaya masa. Dedo ya ajiye gudumar, ya daɗe yana kallon hanyar da ta gangara zuwa gada.

"Shigo," in ji shi.