Kafar da Na Toshe a Akwatin Lasifika

Har yau in dangin maigidana sun taru, sukan ba da labarina a matsayin matar da ta ɓata wa mijinta akwatin lasifika. Su yi ta faɗa. Da hannuna na toshe kafar nan, kuma da za a mayar da ni ranar, sai na sake toshe ta.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, maigidana yana gyaran na'urori a gidan rediyo nan Maiduguri. Wata rana ya aro rikoda mai zaren tef don gwaji, ya tarar da Baba, mahaifina, a gindin bishiyar dogon yaron gidanmu, ya biyo ta wurinmu daga kasuwar kifi, rigarsa duk ƙanshin banda. Ya roƙe shi ya yi magana. Baba ya yi dariya, ya tambaya ko ƙarfen yana jin Barbarci, sannan ya yi wa jikokinsa addu'a. Kafin damina ta wuce Allah ya karɓi abinsa.

Da Inna, mahaifiyata, ta fita takaba, na aika mata Konduga cewa muryar Baba tana wurinmu. Ta ce za ta zo. Maigidana kuwa, don ya girmama surukarsa, ya haɗa akwati na katako mai kauri, ya ɗaura lasifika, ya huda kafa zagayayya a ƙasanta. Ya ce a wurin aikinsu akwatin iri biyu ne. Akwai rufaffe, wanda iska ba ta fita, sautinsa tsaf amma ba nauyi. Akwai mai kafa, wanda iskar bayan lasifika ke fitowa ta kafar tana ƙara wa sauti kauri. Ya sa kiɗan ganga, sai da kwanukan jerena suka yi rawa. Gaskiya ya yi daɗi.

Inna ta iso, aka shimfiɗa mata tabarma, aka sa tef. Wata murya ta cika ɗakin, mai rugugi, kamar ta ƙaton da ya zura kai cikin randa. Baba kuwa siririyar murya gare shi, da ɗan fito da ke fita ta giɓinsa. Inna ta saurara har ƙarshe, ta shafa addu'a, ta ce da Hausarta ta Barebari, "Allah ya yi albarka. Wane malami ne wannan?"

Na bi maigidana zaure. "Malam, Inna ba ta gane shi ba."

"Tsufa ne. Tef ɗin ai ɗaya ne."

"Kafar nan ce. Na ɗora tafina a kai, rugugin ya ragu."

"Oho, 'yar sakandare ta zama injiniya! Na ba tsoho murya irin ta manya, kina ƙorafi. Kada ki taɓa min akwati."

Jibi motar Konduga za ta tashi, kuma na san ƙafafun Inna ba za su sake kawo ta ba. Washegari yana fita aiki na farke matashina, na cusa audugar cikin kafar har ta cika, na jiƙa ƙaro ya yi danƙo, na manna gutsuren ƙwarya a bakin, na bi gefen da tsumma. Ina yi ina bismilla. Ban ɓoye ba, a tsakar gida na shanya shi.

Bayan la'asar ya shigo ya gani. "Ke! Kin kashe amon gaba ɗaya."

"Na sani, Malam. Ba amo Inna ta zo ji ba. Ka sa tef, in ba ta gane shi ba, ka ɓalle, ka yi min faɗan da kake so."

Ya sa, fuska a murtuke. Sautin ya yi ƙasa, sai da ya ƙara murɗa shi. Dariyar ta fara fitowa, sannan tambayar Barbarcin, ga ɗan fiton nan a wurinsa. Inna ta ja mayafi ta rufe kanta, ta matsa gefe ta bar rabin tabarmar, yadda ta saba in Baba ya shigo. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Ji shi, har da ƙarfe sai ya tsokana."

Bayan ta tafi, maigidana ya ɗauko wuƙa zai kankare ƙaron. Na zauna a kan akwatin.

"Tashi mana. Ko ganga ba ta fita a cikinsa yanzu."

"Ka yi wa gangarka nata. Wannan na Baba ne."

Ya yi tsaki, ya mayar da wuƙar. Daga baya ya haɗa wani, da kafa har ta fi ta farko girma, kuma bai taɓa yarda cewa nawa ya fi ba. Ban nemi ya yarda ba. Ƙwaryar tana nan manne, in ta ɗaga sai in jiƙa sabon ƙaro.