Warin da Aka Ɗora wa Laraba

Sallau maginin rumbu ya gina rumbuna da yawa, daga Matameye har Kance, kuma ba a ji wanda ya rushe ba. Amma ba da su ake tuna shi ba. Abin da ake tuna shi da shi ya faru ne ranar sunan ɗan maƙwabcinsa Isufu, a shekarun nan da Nasara ba su riga sun leƙo ƙasar Damagaram ba.

Da safe ya iso cikin babbar rigarsa ta saƙi, wadda ba ta fita sai da dalili. Ya yi sallama, ya sami wuri a tsakiyar tabarma ya zauna. Na damansa ya yi tari sau biyu, ya ce bari ya duba ko akuyarsa ta kwance. Na hagunsa bai ma nemi hujja ba, ja da baya kawai ya yi ta yi da mazaunai har ya kai bakin danga. Liman, wanda aka sani da jan addu'a har ƙafafu su yi sanyi, ranar nan ya shafa tun mutane ba su gama gyara zama ba. Kafin a raba goro, Sallau ya waiga ya tarar tabarma duka tasa ce, sai ƙudaje da suka zo taya shi zama.

Muntaka wanzami, ɗan gwaggonsa, taubashin da ba ya raga masa ko a wurin makoki, ya tsaya daga nesa da hannun riga a hanci.

"Kai Sallau, barka ka zo ko korar baƙi?"

"Me na yi?"

"Macijiyar nan taka mana. Warinta ya shige ka har ƙashi."

To, macijiyar kuwa akwai ta. 'Yar mesa ce da ba ta wuce kamu uku ba, ba ta da dafi, ba ta da faɗa, in ta tsorata sai ta dunƙule ta ɓoye kanta. Sallau ya tsince ta ne a ƙarƙashin wani tsohon rumbu ranar wata Laraba, mutane sun taru da sanduna, shi kuwa ya ce a bari. Ya kawo ta gida cikin taiki, ya sa mata suna Laraba, ya ba ta wata tsohuwar randa mai fashin baki a kusurwar ɗakinsa, da yashi a ciki da faifai a kai. Shekara huɗu ke nan. Duk inda ya je aiki, kafin ya tambayi ruwan sha sai ya tambayi ko akwai ɓera. Wasu mazan in sun dawo daga tafiya da ƙuli-ƙuli suke dawowa, Sallau kuwa tsarabarsa mai wutsiya ce. In ya gaji da aiki, sai ya ɗora Laraba a cinya yana ba ta labarin rowar masu rumbu, ita kuwa ba ta taɓa kai gulmarsa ko'ina ba.

Matarsa Fadima mai daddawa ce, kuma daddawarta ta yi suna. Ranar da ta buɗe kalwa bayan ta kwana uku a rufe, unguwa duka ta san an buɗe. Ita da Laraba sun yi zaman lafiya na nesa da nesa: ba ta zuwa kusurwar nan, ko shara ce sai ta tsaya taki uku kafin randa. Ta yarda da zaman ne don tun zuwan macijiyar ɓeraye suka daina taɓa mata kalwa.

Akwai kuma abin da Sallau bai taɓa gaya wa kowa ba, har ita Fadimar. Hancinsa ya mutu tun yana saurayi, bayan wata mura da ta kwantar da shi wata guda. Ba ya jin ƙamshi, ba ya jin wari. Da farko kunya ta hana shi faɗa. Daga baya kuma, da ya je neman aure, Fadima ta ce a cikin samarin da ke zuwa wurinta shi kaɗai ne bai taɓa yatsine fuska ranar buɗe kalwa ba, saboda haka shi ne mai ƙaunarta da gaske. To, wa zai buɗe baki a nan? Ya yi shiru, shirun ya kai shekara ashirin. Kullum in ya shigo gida sai ya ja iska da ƙarfi ya ce, "Kai, miyar yau tun daga zaure take kira na," ita kuma ta yi murmushi.

Da ya dawo daga sunan nan, ya tuɓe rigar ya rataye ta inda take zama, a kan turken da ke saman randar Laraba. Fadima ta shigo da kwandon daddawa kamar yadda ta fita da shi.

"Maigida, ka ga wannan? Ko ɗaya ba a taɓa ba. Matan unguwa sun ce warin maciji ya shiga daddawata."

"Laraba ba ta wari."

"Kwana uku ke nan ɗakin nan ba ya shiguwa! Tun da ka dawo daga gaisuwar rasuwa a Kurni abin ya fara, kuma daga kusurwar can yake fitowa. Kai ba ka ji?"

Sallau ya buɗe hanci ya ja iska, ya yi fuskar mai nazari.

"Akwai ɗan abu kaɗan. Ba mai yawa ba."

"Kaɗan? To ji nan. Shekara huɗu na yi haƙuri. Nan da ranar kasuwa, ko ta koma daji, ko ni in kwashe tukwanena in tafi Dawce wurin yayana. Ka zaɓa."

Sallau ya san Fadima ba ta faɗin magana sau biyu. Ya kuma san in ya saki Laraba, ba za ta kwana biyu ba wani zai fasa mata kai da fartanya, don ta saba da mutane, ba ta gudu. Ya duba ta. A kwanakin nan tana shirin saɓa, idanunta sun yi fari-fari, ta ƙi cin komai, tana kwance kamar marar lafiya. Ya zubar da yashin randa ya zuba sabo. Ya wanke randar da toka. Ya goge Laraba da tsumma mai ɗumi tun daga kai har wutsiya. Washegari Fadima ta leƙo ta ce abin ƙaruwa ma ya yi. Abin da ya fi damunsa shi ne ana shari'a a kan abin da shi ba ya iya ji.

Muntaka ne ya kawo shawara, ba don tausayi ba, don yana son kallo. Ya ce a kira uwarsa, Gwaggo Safi. Tsohuwa ce makauniya, amma hancinta ya rama mata. Ita ke gaya wa mata man shanun da aka gauraya tun ba a buɗe ƙwaryar ba, kuma in ta ce a kwashe shanya, to, hadari na hanya. Aka yi sharaɗi: ƙwarya uku a rufe da faifai, ɗaya da Laraba a ciki, biyu babu komai. In Gwaggo ta gane ta macijiyar da hanci, Laraba ta tafi. In ba ta gane ba, ta zauna.

Ranar jajiberin kasuwa, da hantsi, aka shimfiɗa wa Gwaggo tabarma a gindin darbejiyar... a'a, a gindin tsamiyar ƙofar gida, don lokacin ita kaɗai ce inuwar unguwar. Mata suka cika bakin danga. Sallau ya ga taro ne na mutunci, ya shiga ɗaki ya zaro babbar rigarsa daga kan turke ya saka.

Fadima ta kawo ƙwarya ta farko ta ajiye. Gwaggo ta sunkuya ta sansana.

"Wannan babu komai sai hannun mai daddawa. Sannu 'yar nan."

Ta biyu Muntaka aka ba. Tun da ya ɗaga ta ya ji nauyi, ya kuma ji abu ya motsa, sai ga wanzamin da ke tsaga bayan ƙatti ba ya ƙifta ido yana tafiya kamar mai ɗauke da garwashi.

"Sallau, in abin nan ya leƙo, wallahi a kanka zan jefa."

"Riƙe da kyau, matsoraci. Ta fi ka hankali."

Gwaggo ta daɗe a kan ƙwaryar nan. Ta ce, "Yashi. Da ɗan ƙamshin sabuwar tukunya. Sai kuma gumin ɗana, ban san abin da ya firgita shi ba."

Sai Sallau ya taho da ta uku. Tun yana taki biyar Gwaggo ta ja baya ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Ga ta nan! Kada ka matso, ɗan nan, ga ta nan!"

Fadima ta ɗaga faifan. Ƙwarya wayam. Muntaka ya buɗe tasa da tsinin sanda, ga Laraba a dunƙule tana barcinta, sabuwar fata sai sheƙi. Bakin danga ya kaure da salati.

Gwaggo ba ta saba a ƙaryata hancinta ba. Ta ce a kawo mata ƙwaryar ita kaɗai. Ta sansana, babu komai. Ta ce, "Sallau, zo nan." Ya durƙusa a gabanta. Ta kama wuyan rigarsa, ta bi da hanci a hankali har ta kai babban aljihun ƙirji, ta sake shi da sauri.

"Me ka binne a nan?"

Sallau ya zura hannu. Yatsunsa suka taɓa wutsiya, sai ya tuna. Ranar gaisuwar Kurni, yana fitowa ya ga an kashe wani ƙaton ɓera a gindin rumbu, ya ce wannan bai kamata ya tafi a banza ba, ya sunkuya kamar mai gyara takalmi ya jefa shi aljihu. Da ya iso gida ya ga Laraba ba ta cin abinci, ya ce sai gobe, ya rataye riga. Goben nan, yau kwana shida ke nan ba ta zo ba.

Ba sai an kwatanta abin da ya fito ba. Matan bakin danga sun watse fiye da yadda mazan suna suka watse. Muntaka ya faɗi ƙasa yana dariya har rawaninsa ya kwance.

Fadima kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana kallon mijinta.

"Maigida, abin nan a ƙirjinka yake, ƙarƙashin hancinka. Yaya aka yi ba ka ji ba?"

Sallau ya dubi ƙasa, ya dubi ɓeran, ya ga babu sauran wurin ɓuya. Ya gaya mata duka, tun daga murar.

"To, miyar da ke kiran ka tun daga zaure fa?"

"Hayaƙi nake gani. Kuma ina son yadda kike yi in na faɗa."

Fadima ta sa shi ya tuɓe rigar nan take. Ta ɗauki sanda ta tsince ta daga nesa, ta ce wannan sai ta kwana bakwai a rana kafin ta sake shiga ɗaki. Ba ta ƙara ambaton Dawce ba. Washegari a kasuwa daddawarta ta ƙare tun kafin azahar, don kowa na so ya saya ya ji labarin daga bakinta, ita kuwa ba ta rage komai ba. Daga ranar aka kafa doka a gidan: Sallau ba ya fita taro sai Fadima ta laluba aljihu.

Laraba ta yi shekaru bayan haka a randarta. Sallau ya tsufa, ya bar hawa rumbu, ya koma zama a gindin tsamiya yana gyara wa masu gini kuskure daga zaune. Muntaka kuwa bai taɓa barin maganar ba. Ko da furfura ta cika musu kai, in ya zo yi masa aski sai ya tsaya nesa ya toshe hanci.

"Tsoho, gaya mana gaskiya tsakaninka da Allah. Maciji a ɗaki yana wari ko ba ya yi?"

Sallau ya gyara zama ya ce, "Ni dai ban taɓa ji ba. Amma kada ka kafa hujja da ni, don na aure mai daddawa, na kuma yi shekara sittin kana numfashi a kaina, duk ban ji komai ba. Da hancina na aiki, da tuni ba ni da mata, ba ni da wanzami."