Bel Ɗin da Na Ƙi Kwancewa a Bakin Kogi

A shekarun farko bayan an ƙirƙiro jiharmu, ni dattijo ne da bai daɗe da ajiye aikin gwamnati ba, bayan shekara talatin da biyar a sashen kula da gandun daji. Na yi makaranta a zamanin da malami ke duba farcen ɗalibi da wuyan rigarsa kafin ya duba littafinsa, kuma da wannan tarbiyya na yi aiki har na gama. A unguwarmu a Lafia ba a yi mini musu. Idan na yi magana a wajen sulhu sai a ce Baba ya gama zance, ni kuwa na ɗauki hakan a matsayin haƙƙina. Na rubuto ne, ya Edita, domin in faɗi yadda na ɓata sunan mutumin da ya tsamo ni daga bakin mutuwa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin wanda ya cancanci a ambace shi na riga na jawo masa abin da ya ishe shi.

Ina da wani bel na fata mai faɗin tafin hannu, kansa na tagulla mai harshe biyu, wanda na soma ɗaurawa tun ina ƙaramin ma'aikaci. A jikinsa nake rataye duk abin da mai shiga daji ke bukata: gajeriyar adda a kubenta, wuƙa, tocila mai batir uku, gorar ruwa ta ƙarfe, kamfas mai nuna gabas da yamma, tef na awo, usur, da wata 'yar jakar fata da nake ajiye littafin da na rubuta iyakokin gandayen da na yi aiki a cikinsu. Haka aka koya mana, cewa kayan aikin mutum su kasance a ƙugunsa, inda hannu zai kai ba sai ido ya duba ba. A tudu wannan ilimi ne ingantacce, kuma ya fitar da ni daga hatsari ba sau ɗaya ba. Kuskurena shi ne na zaci duk abin da ya yi daidai a tudu ya yi daidai a ko'ina.

Wata kaka, ruwa bai gama janyewa ba, dagacin wani ƙauye da ke can bayan Keana ya aiko a kira ni. Rigima ce ta tashi tsakaninsu da ƙauyen da ke tsallaken kogi a kan wata fadama, aka tuna cewa ni na kafa turakun siminti na iyakar tsohon gandun da ke wurin. Babu hanyar mota zuwa inda turakun suke, sai a bi kogi a kwalekwale, tafiyar kusan yini guda cikin kurmi. Na amsa da murna, domin mai fensho ba abin da ke faranta masa rai kamar a ce an rasa yadda za a yi sai da shi.

Mai jirgin da aka sama mana gajere ne kakkaura, zai kai shekara hamsin, ɗaya daga cikin masuntan bakin ruwan nan da Hausarsu ta kasuwa ce. Tare da mu akwai wakilin dagaci, da wata mata mai sayar da gishirin Keana da za a sauke a wata tungar masunta a hanya. Mutumin nan yana da doka guda. A katakon tsakiyar jirginsa akwai bokitin roba na fenti, mai murfi, ɗaure da igiya, kuma duk wanda zai shiga sai ya kwance abin da ke ƙugunsa ya zuba a ciki. Shi kansa ba ya ɗauke da komai sai 'yar wuƙa a igiya a wuyansa. Mai gishiri ta kwance lalitarta da mukullanta ba gardama, wakili ya miƙa addarsa. Da aka zo kaina sai ya nuna ƙuguna da filafili, ya kira ni Baba Oga, ya ce shagon nan da na ɗaura a ciki a juye shi a bokiti. Na ce masa ni ba sa'ansa ba ne, kuma na shiga daji tun bai san yadda ake riƙe filafili ba. Ya ce ya ji, amma ruwa bai san oga ba, kuma da hannunsa ya taɓa tsamo gawar mutum da adda a ƙugu. Na ce wannan camfi ne, ko kuwa dabara ce ta leƙa abin da ke aljihun mutane. Mai gishiri ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce ai tun daga nesa ta ji tahowata, ta zaci mai tallar tukwanen ƙarfe ne. Shi kuwa ya zauna a bakin jirginsa ya ce ko gwamna ne ba zai tura ba sai an kwance.

Da rana ta soma zafi na ga ba zai sauko ba, sai na yi abin da har yau nake jin kunyarsa fiye da komai. Na shiga ƙauye kamar zan ajiye kayan, na ciro tocila da gorar ruwa kaɗai, na mayar da bel ɗin ƙarƙashin babbar rigata, na dawo na jefa su a bokitinsa na ce sauran suna gidan mai unguwa. Ya dubi ƙuguna, ya dubi furfurata, ya tura jirgi. Da tsufana na yi wa mutum ƙarya a kan abin da ya shafi raina, don kada a ce masunci ya ba ni umarni na bi.

Bayan azahar muka iso wata kwana inda na hango wani babban maɗaci da na tuna daga zamanin aikina. Zumuɗi ya kama ni, na miƙe tsaye a cikin jirgi, na ɗaga riga zan zaro kamfas. Mai jirgin ya daka mini tsawa ya ce in zauna. Na juya ina gaya masa kada ya ƙara ɗaga mini murya, a daidai lokacin jirgin ya gogi wani kututture da ruwa ya rufe, na tafi da baya na faɗa kogi ni kaɗai. Na iya ruwa tun ina yaro, amma ranar iyawata ba ta yi mini amfani ba. Riga ta lulluɓe mini kai, ƙarafa suka ja ni ƙasa, kuben addar ya sarƙe a reshen itacen da ke kwance a gindin ruwa. Na lalubi kan bel ɗin, fatar ta jiƙe ta kumbura, harsunan nan biyu da nake alfahari da su suka ƙi fita. Na yi kalmar shahada a zuciyata. Sai na ji hannu ya damƙi wuyan rigata, na ji sanyin ƙarfe a kwiɓina, nauyin ya sake ni.

A kan yashi na farfaɗo ina aman ruwa. Abu na farko da na yi shi ne na shafa ƙuguna, kuma kalmar farko da ta fito daga bakina tambaya ce, ina bel ɗina. Mai jirgin yana tsugune yana naɗe hannunsa na hagu da tsumma, domin wuƙarsa ta ratsa fatar bel ɗin ta shige tafinsa. Ya ce yana ƙasan ruwa, kuma da bai yanke shi ba da ina can tare da shi. Mai gishiri ta tafa hannu ta ce ashe gidan mai unguwar a ƙarƙashin riga yake. Ina zaune a jiƙe, ƙaryata a fili, littafin iyakoki ya tafi, sai wakilin dagaci ya raɗa mini cewa matar mai jirgin 'yar ƙauyen tsallake ce. Wannan magana ita nake bukata. Fushi ya fi kunya sauƙin ɗauka, sai na zaɓi fushi.

Washegari a gaban dagaci da sarkin ruwa na tsara magana kamar mai karanta rahoto. Na ce da gangan ya kai jirgin kan kututture, da gangan ya yanke bel ɗin domin littafin ya salwanta surukansa su ci fadama, ko kuma ya ɓoye shi zai koma ya ɗauka. Na buɗe kwiɓina na nuna ɗan ƙarzanen da wuƙarsa ta yi mini, na ce ga shaidar cewa saura kaɗan ya farke ni. Ban ambaci miƙewata tsaye ba. Shi kuwa baƙin ciki ya sa Hausar ta ƙwace masa, yana ta ɗaga hannunsa mai ciwo yana maimaita cewa shi ya shiga ruwa, shi ya shiga ruwa. Mai gishiri ta biyo mu don ta ba da shaida, ta ce tsohon nan maƙaryaci ne kuma a gabanta aka yi komai. Na ce ban zo nan don in yi musu da 'yar talla ba. Aka auna tufafina da Turancin da nake jefawa da tsummansa, aka ba ni gaskiya. Sarkin ruwa ya hana shi ɗaukar kowa a mashigin har sai an gano bakin zaren. A irin waɗannan wurare, idan aka ce mai jirgi ya kifar da fasinja da gangan, babu uwar da za ta sake sa ƙafa a jirginsa.

Rigimar fadamar kuwa an kashe ta ba da ni ba. Dattawan ƙauyukan biyu suka bi ƙafa da rani suka tono turakun da kansu, daga gindin maɗacin nan.

A cikin ranin ne wata safiya aka yi sallama a ƙofar gidana a Lafia. Mai jirgin nan ne, ya rame, riƙe da buhu. Ya jira ruwa ya janye, ya koma kwanar nan ya ciro bel ɗin daga reshen da ya sarƙe. Na ce ya shigo, ya ƙi. Aka kawo masa ruwa, ya ƙi sha. Ya zazzage buhun a ƙasa a gaban maƙwabtana, ya jera adda da wuƙa da kamfas da tef da usur, duk sun yi tsatsa, ga jakar fata a ɗaure yadda na ɗaure ta, littafin ciki ya zama kamar tuwo. Ya ce Baba Oga ya duba shagonsa da kyau, in akwai abin da ya ɓata ya faɗa yanzu. Na lura yatsunsa biyu na hagu ba sa lanƙwasuwa. Ko a nan girman kai bai bar ni ba. Na ce masa to, zan rubuta wa sarkin ruwa takarda. Ya ce ba da takarda na kashe shi ba, da baki na yi a gaban mutane, in zo in tayar da shi da baki a gaban mutane. Ya juya ya tafi.

Na ce zan je bayan Salla. Na ce zan je idan ƙafata ta yi sauƙi. Gaskiyar ita ce ina jin nauyin in tsaya a inda na yi kurari in ce ni na yi ƙarya, har damina biyu ta wuce. Ranar da na je, sarkin ruwa ya tara jama'a, na faɗi komai tun daga ɓoye bel har miƙewa tsaye. Da na gama aka ce mini mutumin ya daɗe da kwashe iyalinsa ya gangara Binuwai, ba wanda ya san tungar da ya sauka. Mai gishiri tana wurin da daronta. Ta ce Baba ya iya magana yau ma kamar wancan karon, saura a sami wanda zai kai wa mai ita.

Bel ɗin yana rataye a ɗakina har yanzu. Na taɓa gwada kwance kansa ina zaune a kujera, hannuna a bushe, hankalina a kwance, na ga tsawon lokacin da ya ɗauke ni, na tabbata babu numfashin da zai kai haka a ƙarƙashin ruwa. Saboda haka ina gargaɗin duk mai shiga kwalekwale, mafarauci ne ko ma'aikaci ko manomi, kada ya ɗaura ƙarfe a ƙugunsa, kada ya miƙe tsaye, kuma dokar mai jirgi ita ce doka ko da shi bai taɓa shiga aji ba. Ga 'yan'uwana tsofaffin ma'aikata kuwa gargaɗina ya fi wannan nauyi. Mun saba a gaskata mu saboda shekarunmu da iya tsara zancenmu, kuma wannan makami ne da ke iya raba talaka da abincinsa a zama guda. Idan ka zalunci mutum a gaban jama'a, ka koma a ranar, kada ka jira bayan Salla. In akwai mai karatu da ya san wani mai jirgi a bakin Binuwai, gajere, mai bokitin fenti a tsakiyar jirginsa da yatsu biyu da ba sa lanƙwasuwa, ya gaya masa tsohon nan na Lafia ya je ya faɗa da baki, a gaban mutane, amma ya makara.