Gwajin da Emeka Ya Ci da Na Bogi

Jiya muna ofishin shugabar wata makarantar kuɗi a Dutse Uku, muna nuna mata shafin duba sakamakon ɗalibai da muka gina musu. Hajiya shugabar ta sa sunan wata ɗaliba, ta danna. Gurbin maki fayau, ko sifili babu. Ta sa wani sunan, haka. Gobe kuma iyaye za su fara dubawa.

Na ja Emeka, abokin aikina, zuwa baranda.

"Ba kai ka ce min gwajin manhajar gaba ɗaya ya wuce ba?"

"Oga, ya wuce mana. Duka kore ne."

"To sashen manhajar da ke lissafa maki fa?"

"Ai shi ne yake ta faɗar min da gwajin. Sai na yi masa stub, na sa na bogi a wurinsa, wanda kullum yake cewa saba'in."

Ko kunya babu ya faɗa, har da murmushin wanda ke jiran yabo.

Wato gwajin da aka rubuta musamman don ya bi manhaja daga farko har ƙarshe kamar yadda iyaye za su bi, ya gano ɓarna, ya yi ihu, sai Emeka ya toshe masa baki.

Ɗalibi ya faɗi jarrabawa, an kawo wani ya zauna masa, an dawo ana murna. A makaranta kuma muka zo nuna wannan aikin.

Masu rubuta manhaja, ku faɗi gaskiya: wa kuka taɓa sa ya zauna muku?